Gadon Inna da Ya Ƙi Ɗumi

Duk ranar da aka tashi rubuta tarihin injiniyoyin Lafiya, ina roƙon a bar mini shafi na farko, a sa hotona wanda na ɗauka da doguwar hular nan. Ni ne mutumin da ya fara sa ruwa ya yi tafiya da kansa a cikin gida, ba inji, ba lantarki, ba mai tura shi, ya tashi daga murhu ya je ya ɗumama gado ya dawo. Na faɗi wannan a ɗaurin aure, na faɗa a wajen suna, na faɗa a layin karɓar albashi, har akwai waɗanda in sun hango ni sai su tuna an aike su. Abin da ban cika faɗa ba shi ne, kafin ruwan ya yarda ya yi tafiyar, sai da ya yi kwana goma sha ɗaya a zaune yana kallona.

Shekarun baya ne sosai, lokacin Lafiya tana ƙarƙashin Filato, ko takarda za a sa wa hannu sai an hau mota an je Jos. Ina aikin malamin gona, da babur ɗin gwamnati mai hayaƙi, da mata, da yara huɗu, da sabon gida a unguwar Bukan Sidi wanda ban gama yaɓe shi ba. Mahaifiyata tana ƙauyenmu ita kaɗai tun rasuwar mahaifina. A ɗakinta akwai gadon ƙasa irin na da, mai kogo a ƙarƙashi, ana tura garwashi a ciki a toshe bakin, ɗumin ya riƙa ratso ƙasar a hankali har gari ya waye. Tana fama da sanyin ƙashi, kuma ta yarda duk duniya ba abin da ke lallashin gwiwoyinta sai wannan gado. To amma shi ya sa mata tari. Da na kawo ta asibiti, likita ya saurari ƙirjinta ya daɗe, sannan ya ja ni gefe ya ce in ta ƙara damina ɗaya a cikin hayaƙin nan, shi kam ba shi da abin da zai iya yi mata.

Na riƙe ta a gidana. Na saya mata gadon ƙarfe da katifa mai kauri, irin wadda in ka zauna sai ka ɗan nemi kanka. Duk rani ta kwanta a kai kamar baƙuwar da ta kwana a tasha. Da damina ta kankama, ƙasa ta jiƙe, bango ya fara gumi, sai na ga tana tafiya tana dafa komai. Wata safiya na je gaishe ta, ta ce mini ita fa ta gode, ta ga birni, amma za ta koma gadonta. Na kawo mata maganar likita. Ta ce likitan ba a jikinsa gwiwoyin suke ba.

A cikin wannan hali aka tura ni kwas Jos, kan maganin ƙwarin gyaɗa. Aka sauke mu a wani tsohon gida na Turawan kuza. Kun san sanyin Jos da damina, yana shiga har cikin haƙori. Amma ɗakin da na kwana ɗumi ne lumus. A jikin bango akwai wani ƙarfe mai kama da haƙarƙarin saniya, na taɓa shi na ji kamar na taɓa cikin mai rai. Na bi bututunsa daga ɗaki zuwa ɗaki har bayan gida, na tarar da wani dattijo yana tura itace a ƙarƙashin wata tukunyar ƙarfe. Shi ya yi mini bayani: ruwan da ya yi zafi ba ya da nauyi, sai ya hau sama ya bi bututu, in ya huce ya yi nauyi ya gangaro ya dawo gindin tukunya, haka yake ta kewayawa. Kwana biyar na yi a kwas ɗin nan. Har yau in ka tambaye ni ƙwarin gyaɗa sai dai in yi maka murmushi, amma bayan takardun cike yake da zanen bututu.

Ina dawowa na nemi abokina. Mutumin Tibi ne, aikin famfo yake yi, kuma ba ya wasa da gonar doyarsa a garinsu. Mun saba tun muna haya a gida ɗaya. Ya juya zanena sama da ƙasa, ya ce a Lafiya, inda ƙwai kan dahu a aljihu da bazara, ni kuma zan sa wa gida abin ɗumi. Na ce don Inna ne. Bai ƙara dariya ba, ya ciro awonsa.

Mun yi aikin cikin mako biyu. Mai walda ya yi mana tukunyar ƙarfe, muka gina ta a bayan murhun matata, yadda duk lokacin da aka ɗora girki ruwan zai samu rabonsa na wuta. Daga samanta bututu ya tashi ya shiga ɗakin Inna ta saman taga, ya sauko ya yi lanƙwasa-lanƙwasa kamar maciji a cikin sabon gadon ƙasa da na sa aka gina mata, sannan ya fito ta gindin gadon don ya koma murhu. Can sama a kan gwafanni huɗu muka ɗora duro mai ciyar da su ruwa. Abokina ya riƙa maimaita mini abu ɗaya yana ɗaure gwiwar bututu: mai tafiya ya hau a hankali, mai dawowa ya gangara a hankali, kada a yi masa tozo a hanya. Na ce na ji. Gaskiya kunnena ɗaya ne a wurin. Ɗayan yana sauraron jawabin da gwamna zai yi ranar da ya zo gani da idonsa.

Saura bututu ɗaya, mai dawowa, sai aka aiko wa abokina cewa sabuwar doya ta isa cira. Bututun nan dole ya ƙetare ƙofar ɗakin Inna, don ta bayan ɗakin katangar maƙwabci ce. Ya riga ya haƙa masa rami a ƙarƙashin dokin ƙofa. Ya bar mini ƙarfen yanka zare da sifana, ya ce in kwantar da shi a ramin, in ɗaure, in rufe, ko makaho zai iya. Ya hau mota.

Inna ta fito alwala ta ga ramin. Ta tambayi abin da za a binne. Na gaya mata. Ta tsaya tana kallon wurin.

A gidanmu ba a zama a dokin ƙofa, ba a tsayawa a kai ana surutu, kuma ba a zubar da ruwan zafi a ƙasa sai an yi bisimilla, a ba mutanen ɓoye dama su janye 'ya'yansu. Da wannan muka tashi. Na yi makaranta, na yi kwas har a Jos, amma har gobe in zan zubar da ruwan shayi bakina yana motsi.

"Wato ruwan zafi za ka bi da shi ta gidan mutane, safe da yamma," in ji ta. "Wa ka ɗauka aikin yi musu bisimilla?"

Na ce ruwan yana cikin ƙarfe, ba zai taɓa kowa ba. Na ce ai wanda ya huce ne ke dawowa. Na kawo kimiyya, na kawo addini, na kawo Turawan kuza. Ta bar ni na gama tas, sannan ta ce in rufe ramin.

Daga nan basirata ta motsa, kuma duk wanda ya san ni ya san in ta motsa a kauce. Na ce tunda ba za a bi ta ƙasa ba, a bi ta sama. Na sayo gwiwar bututu huɗu. Na ɗaga bututun ya hau ta gefen ƙofa, ya ratsa ta samanta, ya sauko ta ɗaya gefen, kamar gadar jirgin ƙasa. Na sassaƙe bango na cusa shi, na yaɓe da siminti sumul, na shafa farar ƙasa. Na ja da baya na duba. Ba alama. Na ji tausayin abokina da bai kai ni zurfin tunani ba.

Ranar buɗewa na gayyato maƙwabta. Na cika duro, matata ta hura wuta, na yi ɗan jawabi. Bututun da ke kan murhu ya yi zafi har ba a iya taɓa shi. Muka ɗunguma ɗakin Inna. Ta hau gadon ta zauna, ta miƙe ƙafafu, ta ɗora hannu a cinya kamar mai jiran jirgi a tashar Lafiya. Aka yi rabin sa'a. Aka yi sa'a ɗaya. Maƙwabta suka fara tuna an aike su. Na sa hannu a gadon, sanyi ƙalau kamar dutsen cikin rafi.

Da yamma ta ɗaure kayanta a zani guda, ta ajiye ƙunshin a ƙarshen gadon inda duk na shigo sai na gan shi. Ta ce motar ƙauyenmu tana zuwa kasuwa ranar Juma'a ta sama.

Na fara da wuta. Na ce itacen matata ne ba shi da zuciya. Na sayo ƙirya kaya guda, na karɓi murhun daga hannunta, na hura wutar da a ganina an hango ta daga Akurba, can gefen gari. Tukunyar ta fara gurnani. Duron da ke sama ya fara rawa a kan gwafanninsa. Ina cewa ga shi nan, ga shi nan, sai murfin ya yi tsalle, tururi da tafasasshen ruwa suka yi feshi a tsakar gida, daidai inda yarana suke 'yar gala-gala minti biyu da suka wuce, kafin uwarsu ta kira su cin gyaɗa. Wata kaza da ba a kira ba ta rasa gashin bayanta. Tuwo ya ƙone har ƙasan tukunya ya zama tarihi. Inna ta fito bakin ƙofa, ta nuna yaran da sandarta ɗaya bayan ɗaya, ta ƙirga su har sau biyu, ta koma ciki. Gadon kuwa ko a jikinsa.

Sai na koma kan laka. Ruwan rijiyarmu ja ne da damina, na ce shi ya toshe hanya. Na kwance gindin tukunya na zubar da komai, da bisimilla, jan ruwa ya malale tsakar gida kamar an yanka raƙumi. Na wanke, na ɗauraye, na tace sabon ruwa da tsohon kallabin matata guga bayan guga har bayana ya ƙage. Aka hura wuta. A wannan karon wani ɗan wuri a kusurwar gadon, inda bututun yake shigowa, ya yi ɗumi, faɗinsa bai wuce faifai ba. Ba ni na gano ba ma, kyanwar gidan ce. Ta zo ta naɗe a wurin ta lumshe ido. Daga ranar ta zama ma'aunina: in na shigo sai in duba ko ta matsa gaba. Ba ta matsa ba.

Na ce to duron ne bai yi tsayi ba. Na ƙara wa gwafanni tsawo, na hau, na sauko ta hanyar da ban yi niyya ba, wandona ya rage a sama. Na je na yi wa mai sayar da bututu faɗa, na ce cikin kayansa a tsuke yake. Ya ba ni ɗaya ya ce in leƙa, na leƙa na hango shi ta ɗaya bakin yana dariya. Har na fara zargin ruwan Lafiya da lalaci, na ce na Jos ya saba da hawan dutse. Matata ta daina kirana Malam, ta koma Injiniya, kuma tana jan kalmar yadda ake jan akuya. In ta kawo abinci sai ta ce Injiniya ya yi haƙuri, tuwon dai ya dahu, ba kamar wasu abubuwa ba.

Ranar Laraba marka ta sauka, irin wadda ba tsawa ba iska, ruwa ne kawai siriri yana zuba tun safe kamar ya manta yadda ake tsayawa. Ban je aiki ba. Bayan azahar na shiga ɗakin Inna, na kwanta a gadon mai sanyi, na manna kunnena a jikin bututu ko zan ji abin da ke damunsa. Ita tana zaune a tabarma tana shafa man shanu a gwiwa. Ruwa yana kaɗa kwano a hankali. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da na hayaƙin murhu daga nesa suna shigowa ta taga. A cikin bututun kuwa akwai wata ƙara can ƙasa-ƙasa, kamar ana hira a wani gari da ba a taɓa zuwa ba.

Ba ni na tambaye ta ba, ita ta fara. Ta ce gadonta na ƙauye mahaifina ne ya gina shi da hannunsa lokacin tana da cikina. Daga bakin rafi ya riƙa ɗebo yumɓu a kai, ya kwaɓa da ƙaiƙayi, ya bar shi ya kwana bakwai. Ta ce a kusurwar da take sa kai akwai sawun tafin hannunsa, inda ya dafa zai miƙe ƙasar ba ta bushe ba, kuma ya so ya shafe ta hana. In garwashi ya kama, wurin ne ke fara ɗumi. Ta faɗi wani abu da yarenta na Gwandara wanda ban kama duka ba, ta yi dariya ita kaɗai. Ta ce a kan gadon na yi kwana arba'in ɗina na farko ina gasuwa, wataƙila shi ya sa kan nawa ya fito haka.

Ina jin ta, idona yana rufewa. Na ga rafin da take faɗa, da 'yan mata da tuluna, da wani saurayi siriri da laka har gwiwar hannu wanda ban taɓa sani ba sai da furfura. Na ga ruwan gidana ya fito daga tukunya sanye da farar riga, yana bin ɗaki-ɗaki yana gaisuwa, ya zo ƙofar Inna ya yi sallama ya tsaya, ba wanda ya amsa masa. Da na farka an kusa la'asar, ta lulluɓe ni da mayafinta, ita kuma tana nan zaune a ƙasa cikin sanyi. Ƙunshin kayan yana daidai ƙafata. Ranar ban yi wa kowa barkwanci ba.

Alhamis da hantsi abokina ya iso, da doya shida ɗaure a bayan keke. Na tare shi da bayani tun daga zaure: wuta, laka, duro, lalacin ruwa. Ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida Inna, wadda ya saba kira Mama, ya ba ta doya mafi girma. Ya ce a hura wuta daidai ta girki, ba tawa ba. Ko jakar kayan aikinsa bai buɗe ba. Ya sa bayan hannunsa a bututu tun daga murhu, ya riƙa bi a hankali kamar mai duba zazzaɓin yaro. Nan zafi. Nan zafi. Saman taga zafi. Inda kyanwa take, ɗumi. Taku ɗaya gaba, sanyi. Ya fito ta gindin gadon, sanyi. Ya koma murhu ya taɓa inda mai dawowa yake shiga tukunya, sanyi kamar ba su san juna ba.

Ya ce ruwan yana son tafiya, hanyar komawa ce ba ya samu. Ya tambaye ni ramin ƙofa. Na ce an gama da wannan tuni. Ban yi ƙarya ba, na dai tsaya inda gaskiyar ta fara tsada.

Sai ya yi abin da ban yi ba cikin kwana goma sha ɗaya. Ya juya wajen Inna, ya tambaye ta da Hausarsa ta Tibi wadda ba ta raba mace da namiji.

"Mama, kai ne kana kwana a nan. Ba ka jin wani abu?"

Ta ce tana ji mana. Kullum in an hura wutar safe, sai ta ji ƙul, ƙul, ƙul, kamar an tsoma tulu a rafi yana shan ruwa, sai kuma ya yi shiru bai cika ba. Ta ce ita daɗinsa ma take ji, yana kai ta gida. Ya ce daga ina? Ta ɗaga sandarta ta nuna saman ƙofa.

Abokina ya dubi saman ƙofa. Ya dube ni. Ya sake duban saman ƙofa. Ya ɗauko sifana ya ƙwanƙwasa farar ƙasata mai kyau, ya bi ta gefe, ya hau, ya ratsa, ya sauko, ƙarfe yana amsa masa duk inda ya taɓa. Na fara bayani kan gadar jirgin ƙasa. Dariya ta kama shi sosai, ya tafi zai zauna a dokin ƙofa, Inna ta zungure shi da sanda ya matsa.

Da ya samu numfashi ya ce tozon da ya hana ni shi na yi, har da farar ƙasa. Duk lokacin da na cika duro, iska tana taruwa a ƙololuwar gadar nan ta tsaya, ba ta da mafita, ruwa kuma ba shi da ƙarfin ture ta. Wutar duniya zan hura, sai dai tukunya ta fashe. Ina nan ina ƙoƙarin ganewa, Inna ta riga ni. Ta ce ai ko yarinya ta sani, in ka kifa tulu a ruwa ba ya cika, sai ka karkata shi ya yi numfashi.

Abokina ya ce mafi sauƙi a fasa a mayar da bututun ƙasa. Inna ta ce ba a ƙofarta ba. Na zaci zai yi gardama irin tawa, amma sai ya gyaɗa kai kawai, ya ce su ma a garinsu akwai wurin da ba a haƙawa, kuma bai taɓa tambayar dalili ba. Ya hau keke ya tafi kasuwa, ya dawo da wani ɗan ƙaramin famfo bai fi babban yatsa ba. Muka zubar da ruwan, ya fasa yaɓena a daidai tsakiyar saman ƙofa, ya yanka bututun ya dasa famfon yana kallon sama. Muka sake cika duro. Matata ta ɗora sanwar rana.

Ya ce ni zan buɗe, tunda ni na rufe. Aka kawo turmi aka kifa, na hau, na murɗa. Wani dogon huci ya fito, siriri, ya daɗe yana fita, kamar mutumin da ya sauke kaya bayan tafiyar kwana da kwanaki. Sai ya yi tari, ya tofa mini jan ruwa a ido, sannan ruwa ya biyo sumul. Na rufe.

Muka kasa kunne, mu huɗu har da matata. Yayyafi ya dawo kan kwano. Can sai bututun ya fara ɗan ƙas, ƙas, yana miƙa. Kyanwa ta ɗaga kai, ta miƙe, ta taka zuwa tsakiyar gadon, ta juya sau biyu ta kwanta. Na sa tafin hannuna a ƙasar na ji ɗumin yana tahowa a hankali ta ƙarƙashi, lanƙwasa bayan lanƙwasa, kamar wani yana tafiya a cikin duhu da fitila a hannu. Inna ta sa hannu ita ma. Ta daɗe. Ta kori kyanwa, ta hau, ta miƙe ƙafafu, sannan ta kishingiɗa. Tana cikin gaya wa abokina yadda ake dafa doyar da ya kawo maganar ta tsinke. Ta yi barci da rana tsaka, baki a ɗan buɗe, abin da ban gani ba tun da na kawo ta. Muka fita da sanɗa, kowa ya tsallake dokin ƙofa a hankali.

Juma'a motar ta zo. Inna ta aika wa mutanen gida da goro da gaisuwa. Ƙunshin ya ƙara kwana uku a ƙarshen gado, don kada in yi girman kai, sannan wata safiya na ga zanin a kan igiyar shanya.

Abokina ya gargaɗe ni cewa ruwan rijiya yana zuwa da iskarsa kaɗan-kaɗan, za ta riƙa taruwa a wurin, sai an riƙa buɗewa. Haka na samu aikin da na fi daɗewa a kai ban nemi canjin wuri ba. Duk damina da duk sanyi, shekara bakwai, kowace safiya sai in kifa turmi a ƙofarta, in hau, in murɗa, mu saurari hucin tare. In na sauko ba ta barina in wuce. Sai na zauna a bakin gadon yana ɗumama, ta ba ni labarin wani da ya mutu kafin a haife ni, ko ta gaya mini laifin da na yi jiya. Da na bi maganar abokina tun farko, da gadon ya yi aiki ranar farko, da gaisuwar tsaye zan riƙa yi mata in hau babur.

Ta rasu a kan gadon nan, da rani, ba wuta a murhu. Yanzu ɗakin buhunan gyaɗa ne a ciki, tukunyar ta yi tsatsa ta ɓule tuntuni. Amma ɗan famfon yana nan a saman ƙofa. Wani lokaci in marka ta sauka nakan hau turmi in murɗa shi, ba ya cewa komai. Na rage hura wuta a kan abin da ya ƙi tafiya, ko na gida ne ko na wurin aiki. Nakan fara bi da bayan hannu in ji inda ɗumin ya tsaya, in tambayi wanda yake kwana a wurin. Ban ce kullum ba. Matata tana karanta abin da nake rubutawa.

Baki kuwa bai mutu ba. Shekara guda bayan gyaran aka yi sunan ɗanmu na biyar, gida ya cika. Na ja baƙi zuwa ɗakin Inna rukuni-rukuni, ina nuna musu bututu, ina sa su taɓa gado. Na ce su dube ta da kyau, ga tsohuwar da likita ya kasa riƙewa, katifa ta kasa, ni na riƙe ta a Lafiya da ƙarfin ilimi. Na ce in ba don gadon nan ba da tuni tana ƙauye. Na juya na ce, ko ba haka ba, Inna?

Tana zaune a tsakiyar gadon da jaririn a cinya, tana gyara masa hula. Ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Gadon ba laifi," in ji ta. "Amma ni tun ranar kazar nan na fasa tafiya. Tsoro na ji in juya baya ka dafa mini jikoki."